Motar farko da miliyan 9: Beljiyam zan nema ko ta hannu?

Malamin Lissafi ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah masana harkar mota ku buɗe mini bayani sosai, domin ni ban san komai a kanta ba sai hawa.

Ni malamin sakandare ne a nan Kano, ina zaune a Ɗorayi da iyalina, yara huɗu. Tun da na fara aiki babur nake hawa. Yanzu yara sun tasa, babbar ta wuce a ɗora ta a kan tanki, kuɗin adaidaita sahun da ke kai su makaranta kuwa ya fara cin albashin da gaske. Ga mahaifiyata a wani ƙauye gaba da Malumfashi, ciwon ƙafa ya matsa mata, duk ranar da za ta ga likita a Kano sai an yi shatar mota. Shi ne na sayar da wani ɗan fili da na mallaka tun kafin aure, na haɗa da kwasar adashe. Abin da ke hannuna naira miliyan 9 ne cif, babu wani ciko da nake jira daga ko'ina.

Na san da wannan kuɗi babu maganar sabuwa dal a leda. Sabuwa a wurina ita ce wadda ba a taɓa yi wa lamba a ƙasar nan ba. Dillalin da wani abokin aikina ya haɗa ni da shi ya nuna mini guda 3. Akwai Toyota Camry ta 2008, wadda ake ce wa Muscle, baƙa, kujerun fata, Beljiyam, wato wadda aka hau a ƙasar waje aka shigo da ita, amma za ta lashe kuɗin kaf har sai na ranto ɗan ciko. Akwai Pontiac Vibe ta 2006, ita ma Beljiyam, da ɗan sauƙi. Sai Toyota Corolla ta 2007 ta hannu, wai ta wani ma'aikacin banki ce da aka yi wa canjin wurin aiki, ita ce mafi araha da nisa.

Ba zan ɓoye muku ba, raina yana kan Camry ɗin, uwargida ma tun da ta ga hotonta ta daina sauraron zancen sauran. Dillalin kuma ya dame ni da waya, wai wani Alhaji ya taya, gobe zai turo kuɗi.

Yawona bai wuce Ɗorayi zuwa makaranta ba, sai tafiya gida ta hanyar Gwarzo da Dayi, daga nan a sauka kwalta a kama burji. Lungunmu kuma da damina sai an tattare wando. Me zan duba kafin in biya? Ta hannu ɗin abin gudu ce kamar yadda ake faɗa? Takardun kwastan ta yaya ake gane na gaske?

Bakaniken Ƙofar Ruwa ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam. Fara da cire Alhajin nan daga lissafi. Kowace mota da ke filin dila akwai Alhajin da zai turo kuɗinta gobe.

Cikin ukun nan, biyu injinsu ɗaya ne. Vibe ɗin sunan Pontiac kawai ke jikinta, amma ƙanwar Toyota Matrix ce, a masana'antar haɗin gwiwar Toyota da General Motors da ke Kalifoniya aka ƙera ta, kuma injin 1.8 da ke cikinta shi ne na Corolla ta 2007. Injin sarƙa ne, ba bel ba, kowane yaro a gareji ya san shi, kayansa kuma ko a rufe ido za a samo maka a nan kasuwa. Inda Vibe ke ba da wahala shi ne kayan jiki. An daina ƙera Pontiac tun 2010, don haka fitila ko bamba in suka fashe sai an ɗan yi cigiya. Ka leƙa ƙarƙashinta kuma, akwai mai ja da taya huɗu, wannan ta fi shan mai da kashe kuɗi, ba ta dace da kai ba.

Camry ɗin mota ce mai daɗin tafiya, ba musu. Amma injin 2.4 na waɗannan shekarun, daga 2007 zuwa 2009, an san shi da shan baƙin mai ta ringi, kamfanin da kansa ya fitar da sanarwar gyara a kai. Ba kowace ba ce, amma wadda ta fara, sai ka riƙa yawo da galan a but. Dashbod ɗinta kuma yana narkewa da zafin rana, ya yi danƙo yana ƙyalli a gilashi. Ka shafa shi da hannu ka ji.

Yanzu ga yadda ake dubawa, kowacce ce. Kada ka yarda a ce ka zo da yamma. Ka je da sassafe, ka ɗora hannu a kan bonet ka tabbata inji a sanyaye yake, domin injin da ya gaji da safe yake faɗin gaskiya. Kafin a tayar, ka murɗa makulli rabi ka dubi allon gaba: dole duk fitilun gargaɗi su kama, har da ta inji da ta jakar iska, sannan su mutu bayan an tayar. In akwai wadda ba ta kama ba sam, an cire ƙwanta ne ko an liƙe ta da baƙin salatif daga ciki. Ka sa wani ya taka totur kai kuma ka tsaya a bayan salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, inji na ƙona baƙin mai. Fari mai kauri da ba ya yankewa, ruwa na shiga inda bai kamata ba. Ka buɗe murfin baƙin mai, in ka ga abu kamar madara a jikinsa, gaskit ya ƙone, ka yi musu sallama.

Sai jiki. Yawancin motocin da ke zuwa daga Amurka a gwanjon kamfanonin inshora ake sayo su, masu hatsari ko waɗanda ambaliya ta ci, a gyara a Legas a feshe. Mai ɗan bugu a ƙofa ba ta da laifi in farashin ya nuna haka. Wadda ruwa ya ci ita ce bala'i, domin wayoyinta a hankali suke ruɓewa, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka duba ƙarfen da kujera ke gudu a kai ko ya yi tsatsa, ka ciro safaya ka ga ko akwai yashi ko busasshen taɓo a raminta. Ka tafi da ɗan maganaɗisu ka bi ƙofofi da shi, inda ya ƙi kamawa an cika wurin da fila. Notunan da ke riƙe da bonet da fenda ma, in an taɓa sa musu sifana za ka ga fentinsu ya kankare.

Lallai a hau rami da ita. A can za ka ga ko shasi ya taɓa lanƙwasa aka miƙar, ko gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara ya cinye ƙarƙashinta. A can kuma za ka ga ko indomi ɗin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinsa, yana nan, don ana yanke shi a sayar a liƙa bututu a wurin, kai kuma ka gaji shan mai da wari.

Lambar tafiyar da ke allo kada ta ruɗe ka. Motar Amurka da mil take ƙirga, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, kuma mutanen can suna cin sama da mil 10,000 a shekara. Motar 2008 ta nuna maka mil 60,000 alhali robar birki ta suɗe, sitiyari ya yi santsi, to an juya ta. A ƙarshe a jona mata kwamfuta, a fita da ita titi a taka sosai, esi a kunne, ka saurari yadda giya ke canzawa. Kuma bakaniken da zai yi duk wannan naka ne, kai za ka biya shi. Wanda dila ya kira maka la'adarsa yake karewa.

Ni da kuɗina ne, da lungun da ka faɗa da burjin ƙauyenku, tsakanin Vibe da Corolla zan tsaya.

Tsohon Direban Gwamnati ya rubuta:

Yaran yanzu ba ku da zance sai Toyota. Mu da muka tuƙa 504 da aka haɗa a Kaduna mun san mota. Tun 1975 kamfanin Peugeot ke haɗa mota a Kaduna, kuma don hanyoyinmu ake yin ta. Malam, ka nemi 406 mai lafiya, rabin kuɗin nan ya ishe ka, ka ji yadda take shanye gargada, tsohuwa ba za ta ji jijjiga a ƙafarta ba. Sharaɗi ɗaya ne, ka sami bakaniken Peugeot na ainihi ka riƙe shi, kada ka bari kowane mai sifana ya taɓa mata waya.

In kuma sabuwa dal kake so, akwai masu haɗawa a gida, Peugeot a Kaduna da Innoson a Nnewi, kuma bankunan da ba sa mu'amala da riba irin su Jaiz suna saya su sayar wa ma'aikaci ya biya a hankali. Sai dai da albashin koyarwa ban ba ka shawarar ka sa wuyanka a bashin shekaru ba.

Ɗan Kiliyarin ya rubuta:

Malam, oga bakanike ya gama maka maganar ƙarfe, bari in yi maka ta takarda, don mota mai lafiyar inji da takardun bogi ta gwamnati ce, ajiya kawai aka ba ka.

Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, ta ce sai ta tashar ruwa. Saboda haka da zarar ka ji an ce 'yar Kwatano ce kuma ga takardunta, ka ƙara buɗe ido. Wasu ta daji ake shigo da su a buga musu takarda a shago. Wasu takardar ta gaske ce amma ta wata motar ce. Wasu kuma an biya duti, wato harajin kwastan, amma an rage shekarar motar don a biya kaɗan. A cikin gari za ka iya shekara ba wanda ya tambaye ka. Ranar da ka hau babbar hanya da iyali jami'an kwastan na sintiri suka tsayar da kai, a nan za ka sani.

Abin yi ba wuya. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17. Ka karanta ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ka karanta ta a jikin ginshiƙin ƙofa, ka gwada da wadda ke kan takardar kwastan, harafi bayan harafi. Ka karɓi kwafin takardun ka kai ofishin kwastan da ke Bompai da ƙafarka a duba maka a na'urarsu. Dilan da ya ƙi ba ka kwafi ya riga ya ba ka amsa. Tun 2022 ma da lambar shasin nan kwastan ke yanke kuɗin duti.

Ka kuma rubuta lambar a Google. Sau da yawa hotunan motar za su fito yadda take a filin gwanjo na Copart ko IAAI kafin a loda ta a jirgi. Kyauta ne. In kana son cikakken tarihinta akwai rahoton Carfax da ake saya, yana nuna hatsari da adadin mil ɗin da aka rubuta mata a can.

Maganar tsada kuwa dilan bai yi ƙarya duka ba. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai 500 ba, a 2024 ta haura 1,500, kuma da wannan farashin ake lissafin duti. Abin da ya sa Beljiyam ta fi ƙarfin mutane kenan, kowa ya koma ta hannu, ita ma ta tashi.

Ta hannu ba abin gudu ba ce, amma tarkonta daban. Labarin ma'aikacin banki ko Hajiyar da ba ta fita da ita sai ranar Juma'a, kowace mota da shi ake sayar da ita. Ka ce sai ka ga mai ita ido da ido, da katin shaidarsa, sunan ya yi daidai da na takardar mallaka. A bincika wurin 'yan sanda ko an taɓa kai rahoton satarta. A rubuta yarjejeniya da shaidu, ka tura kuɗi ta banki zuwa asusu mai sunan da ke kan takarda, ba asusun dillali ba, ba tsabar kuɗi a leda ba. Sannan ka yi canjin mallaka a makon, kada ka bar ta da sunan wani.

Maman Ɗalibai ta rubuta:

Malam, ni ma koyarwa nake yi, kuma ni ke kai yarana makaranta da kaina, don haka bari in faɗi abin da maza ba sa lissafawa a filin dila.

Ranar da ka biya kuɗin mota ba ranar da ka gama biya ba ce. Akwai lamba da takardu. Akwai inshora, mafi ƙarancinta naira 15,000 tun farkon 2023, kuma 'yan sanda suna tambaya. Beljiyam sai an juye mata baƙin mai da man giya da ruwan lagireto, galibi har batir. Tayoyin da take zuwa da su kuwa ka duba lambobi 4 da ke gefensu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Sau da yawa sun tsufa, wasu ma na ƙasar sanyi ne, ba sa jure kwaltar Gwarzo a watan Afrilu. Taya huɗu masu kyau kaɗai kuɗi ne mai kauri. In ka zuba miliyan 9 ɗin duka har da rance, da me za ka yi wannan? Ka ware aƙalla miliyan ɗaya ka manta da ita, abin da ya rage shi ne kuɗin motarka.

Sai mai. Kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, a ƙarshen 2024 mun saya sama da 1,000. Tankin Camry lita 70 ne, na Corolla da Vibe 50, kuma babban inji a cunkoson Kabuga da esi a kunne ba ya tausayin albashi. Kai malamin lissafi ne, ka zauna da biro ka auna kilomitocinka na wata. A unguwarmu akwai manyan motoci da aka lulluɓe da tamfal, masu su sun koma babur.

Ka gaya wa uwargida in ji ni, kujerar fata a baƙar mota da ta wuni a rana a filin makaranta, sai an shimfiɗa ɗankwali kafin a zauna. Kuma ku yi ƙirga: kai da ita da yara huɗu kun cika motar, ranar ɗauko Hajiya dole wasu su zauna a gida. Za a ce maka ka sayi Toyota Sienna mai yawan kujeru, amma ita galibi injinta silinda shida ne. Vibe aƙalla bayanta a buɗe yake, kujerun baya suna kwanciya, buhun masara da keken guragu duk za su shiga.

Wani abu kuma, ka yanke tun yanzu ko za ka riƙa ba da aro. Daga ranar da ta shigo layi ta zama motar kai amarya da ta asibitin tsakar dare. Na asibiti ba a ƙi, amma ka tuƙa da kanka.

Malamin Lissafi ya rubuta:

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba direba, na gode, amma ba ni da bakaniken Peugeot, bashi kuma ina tsoronsa.

Ga inda aka kwana. Na rubuta lambar shasin Camry ɗin a waya tun a gaban dilan, sai ga ta a filin gwanjo, gabanta a murƙushe har gilashi, jakunkunan iska biyu a waje. Na nuna masa, ya ce ai ɗan gogewa ne. Ko uwargida da ta ga hoton ba ta ƙara magana ba.

Corolla ɗin inji lafiya, amma an taɓa yi mata fenti gaba ɗaya, kuma mai ita har yau ba a same shi ba, kullum yana Abuja. Sunan da ke takardar ma na mace ne.

Vibe ɗin mun je mata da safe da bakaniken wani maƙwabcina. Babu hayaƙi, fitilu duk sun kama sun mutu, ƙarƙashinta fes, mai ja da tayar gaba ce kawai. Hotonta na gwanjo ya nuna bugu a ƙofar baya ta dama, kuma a nan ɗin maganaɗisu ya ƙi kamawa. Mil 168,000 take nunawa. Kwamfuta ta nuna matsalar na'urar da ke auna iskar salansa, esi kuma ba ya sanyi sosai. Tayoyi na 2018 ne. Takardun suna Bompai, an ce in koma ranar Litinin. In na saye ta a yadda ya faɗa, zan rage da kamar naira 900,000.

Oga bakanike, mil ɗin nan bai yi yawa ba? Kuma bakaniken da ya raka ni ya ce da na saya in kawo ya cire mata tamostat ya haɗa fanka kai tsaye saboda zafin Kano. Haka ake yi?

Bakaniken Ƙofar Ruwa ya rubuta:

Mil ɗin ya fi kwantar mini da hankali a kan a ce 70,000 ta nuna, alama ce ba a taɓa allon ba. Injin nan in ana yi masa sabis a kan kari yana wuce haka da nisa.

Tamostat kuwa kada ka bari a taɓa shi. Shi ke riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki. In aka cire, kwamfutar motar za ta ɗauka kullum inji a sanyaye yake, ta riƙa ƙara masa fetur, kai kana biya. Motar da ke zafi akwai dalili, ko lagireto ya toshe ko fanka ta gaza, shi ake gyarawa. Ka zuba mata ruwan lagireto na gaske, ba na rijiya ba, baƙin mai kuma 5W-30 kamar yadda aka rubuta a murfin, kada a ce maka sai mai kauri. Wanda ya ba ka waccan shawarar ya iya dubawa, amma ka nemi wani don sabis.

Na'urar salansar ba tsada gare ta ba, sai dai a sake hawa rami a tabbata indomi ɗin na nan, don cire shi ma yana kawo wannan alamar. Esi a gwada shi a gano ko gas ne ya tsiyaye ko kwamfireso ne, tazarar kuɗinsu babba ce. Ka sa a rubuta maka kuɗin waɗannan biyun da na taya huɗu a takarda, ka ajiye wa dilan a gabansa ya rage daga farashi. Zai yi rantsuwa ya ce faɗuwa zai yi, ka miƙe ka nufi babur ɗinka. Ko kafin alƙalami kada ka bayar sai Litinin ɗin ta yi ka ji abin da Bompai suka ce.